Mai Kai Biyu Daga Tsallaken Iyaka

Akwai abin da mutum kan so ya manta, zuciyarsa ta ƙi ba shi haɗin kai. Nawa shi ne ranar da na kai kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu gasa a Bagudo. Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma ko da na so in manta, akwai mutane a garin nan da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta, duk inda muka haɗu.

A lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon kwamfuta a Birnin Kebbi ba. Na dawo gida da takardar shaida a hannu da girman kai a ka, na buɗe ɗan shagon buga takardu kusa da tasha. Mahaifina manomin shinkafa ne a Matsinkai, kuma bai taɓa ganin dalilin da zai sa namiji mai lafiya ya wuni a zaune yana ƙwanƙwasa allo da yatsu ba. Da ƙyar ya yarda, shi ma da sharaɗi. Ya ce da ni, "Na ba ka rani guda. In damana ta hwaɗi shagon ga bai riƙe ka ba, ka ƙulle shi ka taho gona." Na ce na ji na yarda, da sauri ma, don a lokacin gani nake kafin damina na fara ɗaukar ma'aikata.

Rani ya yi nisa, shago bai riƙe ni ba. Wani abin da ya ƙara mini ciwo shi ne, a tsallaken titi, daidai ƙofata, akwai wani shagon irin nawa, kuma na taubashiyata ne, 'yar kawuna. Aji ɗaya muka yi da ita a makarantar, malami ɗaya ya koya mana, kwamfutocinmu ma iri ɗaya ne, tsofaffi masu ƙwaƙwalwa guda. Wasan taubasai kuwa ba sai na gaya wa Bahaushe ba. Kullum da safe in ta ga ina share ƙofar shago sai ta ɗaga murya, "Bawana, in ka gama nan ka ƙetaro ka share nawa!" Ni ma ina ramawa, amma gaskiya bakinta ya fi nawa kaifi.

Ana haka sai ƙungiyar masunta ta yankinmu ta fara neman shagon da zai riƙa yi mata aikin takardu, sanarwa da dokoki da katin membobi da sauransu. Aiki ne na dindindin, wanda duk wanda ya samu ya huta da zaman jiran tsammani a bakin tasha. Shugaban ƙungiyar dattijo ne mai sanyin magana, kuma ya san iyayenmu duka biyu. Ya kira mu ya ce tunda 'yan'uwa ne mu, zai raba aikin biyu, kowa ya ɗauki rabi. Ku lura da wannan wuri da kyau, domin rabin nan ya ishe ni in riƙe shagona, in je in gaya wa mahaifina magana ta ƙare. Abin da ya rage mini kawai in ce na gode.

Ban ce na gode ba. Na gyara zama na ce, "Baba, aikin ofis ba a raba shi awa goro. A gwada mu, wanda yaf fi sauri shi ɗauki duka."

Taubashiyata ta dube ni, ta dubi dattijo, ta ce ita ba ta da ja. Dattijo ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ƙwarai kuwa. Aka sa ranar kasuwa mai zuwa da hantsi, a ofishin ƙungiya, kowa ya zo da kayan aikinsa.

Abin da ya sa na cika wannan baki, wani direba ne da ke zirga-zirga tsakanin Illo da Malanbil, garin da ke tsallaken iyaka, ya ba ni labarin ya ga wata kwamfuta a can tsallake, wajen mai sayar da kayan kwance, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, wadda aka ce ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Tun da na ji kalmar nan ta biyu hankalina ya bar jikina. Lissafina mai sauƙi ne, na yaran firamare: in ƙwaƙwalwa ɗaya ta buga shafi ɗaya, biyu za su buga shafi biyu. Ban tsaya na tambayi kaina yatsun wa za su buga shafin na biyu ba. Na sayar da babur ɗina, na hau mota zuwa Illo, na tsallaka.

Don Allah ba zan ɗora wa mai kayan laifi ba, bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Bahaushen can ne, Hausarsa na gauraye da Dandanci. Ya buɗe mini cikinta ya nuna mini ƙwaƙwalen biyu, kowace da fankarta a kai. Ya ce daga Kwatano aka kawo ta, ofishin masu zanen manyan gine-gine ne suka rabu da ita. Har ya tambaye ni, "Kai zane kake yi, ko haɗa fim?" Na ce masa ni komai ina yi. Ya ce to madalla, ya haɗa mini da allon dannawa da linzaminta da sikirin, ya ɗaure a kwali. Nauyinta kamar na buhun gero, sai da mutum biyu suka taya ni ɗora ta a mota, kuma ni a wurina nauyin ma alamar daraja ne.

Na iso Bagudo ana gobe gasa, da la'asar. Na kunna ta, ta kama. Na ga duk rubutun da ke kanta Faransanci ne, ban damu ba, na ce ai ni hotuna nake bi, kuma wurin da ake dannawa bai canza ba. Na haɗa ta da firinta, na buga hoton wani doki da na tarar a ciki, ya fito tas. Na kunna waƙa, ta yi. Na buɗe abubuwa barkatai a lokaci guda don in ga ko za ta gaji, ko gezau. Duk abin da ake gwadawa na gwada, sai abu ɗaya tak, wato rubutu, wanda shi ne aikin da za a gwada mu a kai. Kafin magariba labari ya zaga tasha, har an raɗa mata suna Mai Kai Biyu. Na tsaya a ƙofar shago na ƙwala wa taubashiyata kira, na ce ta fara neman wanda zai sayi tsohuwarta. Ta ce, "Allah shi kai mu goben, bawana."

Allah kuwa ya kai mu. Ofishin ƙungiya ɗaki ne guda da rumfa a gaba. An jera tebur biyu a rumfar, dattawan masunta suna zaune a benci can gefe, 'yan kallo sun cika bakin hanya, domin ranar kasuwa ce kuma ni da kaina na gayyato rabinsu. Na sa sabuwar shadda. Aka tayar da ɗan janaretan ofis, taubashiyata ta kunna tata, janareta bai ko canza murya ba. Da na danna tawa sai fankokinta suka ɗauki ƙugi kamar injin niƙa, janareta ya yi wani irin nishi, ƙwan lantarkin rumfa ya dushe ya dawo. Tata ta riga ta buɗe tana jira, tawa tana ta ƙugi, sikirin baƙi ƙirin.

Wani dattijo ya ce, "Yaro, taka ba ta tashi ba?"

Na ce, "Baba, kai biyu na. Sai kowane ya hwalka."

Aka yi dariya, irin ta yarda da magana, ni kuma na ji kaina ya ƙara girma. Daga baya ne na fahimci irin waɗannan manyan injuna haka suke, sai sun bi kayan cikinsu ɗaya bayan ɗaya sun duba kafin su buɗe.

Shugaba ya miƙa wa kowannenmu kwafin takarda ɗaya da aka rubuta da hannu. Sanarwa ce ga masunta game da hana raga mai ƙananan idanu da hana zuba magani a ruwa, da sunayen muƙaman dattawa a ƙasa. Wanda ya riga miƙa ta a buge shi ya ci.

A nan ne zan gaya muku wani abu game da ni. A makaranta babu wanda ya kai ni iya bugu ba tare da kallon allo ba. Malaminmu kan rufe mana hannu da ƙyalle, ya ce mai buga takarda na gaskiya idonsa na kan abin da yake kwafa, yatsunsa sun san gidansu. Da wannan nake taƙama, kuma ranar na ga dama ta samu ta nuna wa duniya. Sai na juya sikirin ɗina ya fuskanci bencin dattawa, na ce su kalli yadda rubutu ke gudu. Kafin in juya shi na buga layin farko, na hango ja ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin. Wannan bai gaya mini komai ba, domin duk mai buga Hausa a kwamfuta ya san kowace kalma tamu sai ta ja mata jan layi, ba ta san harshen ba. Na saba da jan nan kamar yadda na saba da rigata.

Na dasa ido a kan takarda na saki yatsu. Wallahi ban taɓa gudu irin na ranar ba. Ina jin dattawa suna cewa "Kai! Kai!" suna ganin layuka na sauka daga inda suke zaune, nesa da su iya karanta komai. Lokaci-lokaci nakan ɗaga kai in yi wa 'yan kallo murmushi, yatsuna na ci gaba da aiki, don dai a san ba wasa ba. Na ji yatsana ɗaya na ɗan baƙunta da wani maɓalli, na ce sabon allo ne. Na gama, na tura wa firinta, na miƙe tsaye na karkaɗe shadda. Taubashiyata tana layin ƙarshe. Na zari takarda da zafinta na miƙa wa shugaba da hannu biyu, ban ko dube ta ba.

Dattijo ya sa tabarau. Ya duba, ya nisanta takardar, ya matso da ita, ya juya ta sama da ƙasa ko ya riƙe ta a kife ne. Can ya ce, "Ɗana, da wane halshe ka rubuta wagga?"

Na ce, "Hausa, Baba."

Ya miƙa wa na kusa da shi, wani tsoho daga wajen Illo, ya ce, "Diba mini, ko Dandanci na." Tsohon ya ƙura ido ya girgiza kai ya ce su dai a gidansu ba su san wannan ba, a gwada Fulani.

Na karɓi takardar. Inda ya kamata a ga Sanarwa, abin da ke wurin shi ne Sqnqrzq. Assalamu alaikum ta koma Qssqlq,u qlqiku, da waƙafi a tsakiya da wani a ƙarshe. Sarkin Ruwa, wanda ke zaune a gabana da rawaninsa, ya zama Sqrkin Ruzq. Duk inda aka ce Malam, alamar tambaya ce ta buɗe sunan. Daga sama har ƙasa babu harafin a ko na magani, kuma duk wanda ya san Hausa ya san in ka cire mata a ka zare mata rai. Sai a lokacin na sunkuya na dubi allon da nake ta dukansa, karo na farko tun da na saye shi. Allon Faransawa ne. A gidan a sun zaunar da q, w da z sun yi musayar ɗaki, m kuma ta yi ƙaura gaba ɗaya. Yatsuna sun san gidansu sarai, masu gidan ne suka tashi.

Taubashiyata ta miƙa tata takardar, ta zo ta leƙa tawa ta kan kafaɗata. Ta yi ƙoƙari, na ba ta wannan, ta cije leɓe ta kau da kai. Amma da ta yi yunƙurin karanta Sqrkin Ruzq da ƙarfi sai abin ya fi ƙarfinta, ta durƙushe a wurin tana riƙe da ciki. Daga nan rumfa ta ɗauka, bakin hanya ya ɗauka, har Sarkin Ruwan kansa sai da ya sa bakin rawani ya share hawaye. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasa kuwa ta ƙi.

Ita ce dai ta ce a sake. Ta ce wannan ba gwajin kwamfuta aka yi ba, a bar ni in gyara, a ga ainihin abin da kai biyun zai yi. Har yau ban sani ba ko tausayi ne ko so take ta ƙarasa ni. Na shiga lalube cikin Faransanci har na gano inda ake canza tsarin allo, na mai da shi irin wanda muka koya. Aka ba mu wata takardar, aka ce bismillah. Wannan karon ban yi wa kowa murmushi ba.

Muka gama kusan tare, don hannunmu ɗaya, malaminmu ɗaya. Muka tura, firintocinmu iri ɗaya suka fara tari iri ɗaya, muka tsaya duka muna jiransu. Takardu suka fito a jere, babu wanda zai iya rantsuwa wacce ta riga. Aka ce mu buɗe wata tsohuwar takarda mu gyara layi ɗaya mu adana. Nan ma ƙiftawar ido ce a wurinta, ƙiftawar ido a wurina.

Shugaba ya matso kusa da Mai Kai Biyu, wadda har lokacin ba ta daina ƙugi ba. Ba da gatse ya yi tambayar ba, so yake ya sani. Ya ce, "To shi kan na biyu, mi yake yi yanzu?"

Akwai wata 'yar taga da ake buɗewa a ga aikin kowace ƙwaƙwalwa, layi yana hawa yana sauka. Da na yi shiru da ya fi mini, amma na buɗe, ina fatan ta fitar da ni kunya. Layin ta farko yana ɗan motsi can ƙasa-ƙasa, ko kwatan ƙarfinta ba ta taɓa ba. Layin ta biyu kuwa a kwance yake shame-shame. Na buga rubutu da sauri don in tashe ta, ta ɗan ɗaga ta koma.

Na ce, "Tana hutawa, Baba."

Ya ce, "Tun ɗazu?"

Na ce, "Tun ɗazu."

Ya ce, "Amma tana shan mai."

Na ce tana sha. Ya gyaɗa kai ya ce su ma a ruwa akwai aikin mutum biyu, jan babban taru ba ya yiwuwa da mutum guda. Amma bai taɓa ganin an ɗauki mutum biyu su riƙe fatsa ɗaya ba, balle a ciyar da su duka. Gaskiya ya faɗa, kuma abin da mai kayan ya so in gane ke nan da ya tambaye ni ko zane nake yi. Injin nan an yi shi ne don aiki mai nauyi da ake iya rabawa gida biyu. Buga sanarwa kuwa ko tsohuwar kwamfutata jirana take yi tsakanin harafi da harafi. Duk ranar da na ga aiki na tafiyar hawainiya a shagona, ko yatsuna ne, ko firinta, ko wuta.

Dattijo bai ja magana ba. Ya ce da shi aka bi, da kowa ya tafi da rabonsa, amma ni na kafa sharaɗi a gaban mutane, kuma zagayen farko an san wanda ya miƙa takardar da ake iya karantawa. Aiki ya zama nata duka. Da yamma ta ƙetaro shagona, babu wasa a fuskarta, ta ce in na yarda za ta riƙa turo mini wani abu daga ciki a ɓoye. Na ce a'a. Ina so in ce mutunci ne ya hana ni, amma ragowar girman kan ne da bai gama fita ba.

Na nemi mai sayen Mai Kai Biyu a Bagudo ban samu ba, duk wanda na yi wa tayi sai ya tambaye ni ko ta koyi Hausa. Ruwan farko ya sauka shago babu ciniki, babu babur. Ranar da na sa kwaɗo a ƙofar na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuka na sosai a bayan shago inda ba mai gani. Ba gonar nake jin tsoro ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an miƙo mini abin da zai riƙe ni, na ture shi da bakina.

Labari ya riga ni isa Matsinkai. Na shirya wa faɗa, na shirya wa gori, mahaifina bai yi ko ɗaya ba. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi hanya, ya sa aka kawo mini fura. Washegari da sassafe muka fita fadama, ya shiga bukka ya fito da fartanya ya miƙo mini. Na kama, bai saki ba. Ya dube ni ya ce, "Kai guda gare ta. Ta ishe ka?"

Na ce, "Ta isa, Baba."

Ya saki, ya wuce gaba, ina ganin kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na yi damina biyu ko uku a fadamar nan kafin in sake zama a gaban kwamfuta, a wani ofis, a matsayin ma'aikaci. Yanzu in matasa suka zo suna tambayata wace inji za su saya, ba na fara tambayarsu ƙarfin da suke so. Nakan ce su gaya mini aikin da za su yi, sannan su zauna su yi ainihin aikin a kanta kafin su biya, ba su kunna waƙa ba. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: ka san nauyin aikinka kafin ka nemo masa kayan aiki, kuma in aka ba ka abin da ya ishe ka, ka buɗe baki ka ce na gode.